Neman Gidan Haya A Legas: Abin Da Za A Riƙe Kafin A Miƙa Kuɗi

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata na magidanta

 

  

Kwamiti ya umurce mu da mu yi magana yau a kan neman gidan haya, saboda ita ce ƙorafin da ta fi yawan zuwa teburin sakatare. Kusan kowane mako sai wani ya zo ya ce ya ga ɗaki, an daidaita da dillali, amma da mai gida ya ji sunansa sai ya ce an riga an kama. Wani kuma ya zo da hawaye, ya biya kuɗi, ɗakin bai samu ba, kuɗin ma bai dawo ba. Abin da muka fahimta bayan shekaru muna shiga tsakani shi ne, a garin nan da shaida ake samun haya, da takarda kuma ake riƙe ta. A kan wannan za mu yi bayani, daki-daki.

Matsayinmu a doka

Bari mu fara da abin da tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya tanada. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin ya yi yawo a ko'ina cikin ƙasar, ya kuma zauna a duk inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi damar ya mallaki fili ko gida a kowane ɓangare na ƙasa. Saboda haka zamanmu a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12 ko Obalende haƙƙinmu ne. Kakanninmu sun daɗe suna fataucin goro da dabbobi a nan, tun ma kafin layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Sashe na 42 ya fi ƙarfi ne a kan doka da ayyukan hukuma. Mai gida mai zaman kansa da ya hana ka ɗakinsa, yana da wuya ka kai shi kotu ta tilasta masa ya ba ka, musamman da yake ba zai furta dalilinsa a gaban shaidu ba. To, tunda ba za a tilasta shi ba, sai mu san abin da yake jin tsoro, mu je masa da amsa a hannu.

Abin da mai gida ke jin tsoro

Mun zauna da masu gidaje da yawa, Yarbawa da Ibo har da 'yan'uwanmu Hausawa da Allah ya hore wa gini a nan. Akwai masu ƙabilanci tsagwaronsa, waɗannan sai mu bar su da halinsu, mu nemi wani wuri. Amma yawancinsu abu huɗu suke faɗa. Na farko, sun ce mutum ɗaya yake kama ɗaki, bayan wata biyu sai a tarar da mutum goma suna kwana, masai ya cika, ruwa ya ƙare. Na biyu, sun ce ba su san inda za su same mu ba idan muka tafi, domin ba mu da takardar wurin aiki. Na uku, sun ce da damina ta faɗi sai ɗan haya ya kulle ɗaki ya tafi gida noma wata huɗu ko biyar, ba sallama, ba kuɗi. Na huɗu, sun ce ba ma jin yaren juna, idan saɓani ya taso ba su san wa za su kai wa ƙara ba.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu daga cikin waɗannan abubuwa muna aikata su. Kuma duk wanda ya aikata, ya rufe wa wanda zai zo bayansa ƙofa, domin mai gida ba zai ce wane ne ya ɓata masa ba, cewa zai yi Bahaushe ne.

Abin da za ka tafi da shi

Kafin ka fita neman ɗaki, haɗa waɗannan a cikin leda ɗaya. Takardar lambar NIN ko katin zaɓe ko lasisin tuƙi. Katin LASRRA, wato na hukumar da ke yi wa mazauna Jihar Legas rajista, wanda ke nuna cewa kai mazaunin jihar ne. Hotuna ƙanana guda biyu ko huɗu. Katin ƙungiyar sana'arka, ko ta 'yan gwari ce, ko ta mahauta, ko ta 'yan canji, ko ta direbobi. Idan aikin gadi kake yi ko aikin kamfani, ka nemi wasiƙa daga wanda kake wa aiki. Idan ka taɓa zaman haya a wani gida, ka ɗauko tsofaffin rasit ɗinka, domin babu shaidar da ta kai su ƙarfi. Mai gida da ya ga rasit na shekara uku a jere ya san ba da mai gudun bashi yake magana ba.

Sannan sai garanto, wato wanda zai tsaya maka. Ka zaɓi mutumin da ake gani kullum a wuri ɗaya, mai shago ko mai gida ko limamin unguwa, wanda mai gidan zai iya taka ƙafa ya je ya same shi. Ofishinmu yana rubuta wasiƙar gabatarwa da Turanci ga duk ɗan ƙungiya da aka san halinsa, kuma ba a biyan ko kwabo. Idan ba ka jin Yarbanci ko Turanci sosai, kada ka ji kunya, ka tafi da wanda yake ji. Muna da 'ya'ya haifaffun Agege da Yarbanci ya zauna a bakinsu kamar Hausa. Gaisuwa da harshen mutum tana sassauta masa zuciya.

Idan aka tambaye ka mutum nawa za su zauna, faɗi gaskiya. In kana da mata biyu da 'ya'ya bakwai, ka faɗa tun farko. In ƙanenka zai riƙa zuwa lokacin rani, ka faɗa. In za ka ɗaure rago kwana uku kafin babbar salla, ka nemi izini tun a ranar farko. Gara a hana ka yau da a ba ka a kan ƙarya, a kore ka bayan ka sa yara a makarantar unguwar.

Mun ga amfanin wannan da idonmu. Akwai wani ɗan'uwa mai sayar da albasa da aka hana ciki da falo har sau uku. A karo na huɗu muka raka shi da wasiƙar ƙungiya, da rasit ɗinsa na tsohon gida, da shugaban layinsu na kasuwa. Mai gidan, wata dattijuwa, ta juya takardun ta duba, ta tambayi yawan iyalinsa, aka faɗa mata. Ta ce sharaɗinta ɗaya, kada a ƙara mutum sai da saninta. Ya amince, aka rubuta. Har yau yana cikin gidan.

Duba gida kafin ka so shi

Gani ya kori ji. Kada ka biya kuɗin ɗakin da ka gani a hoton waya kawai. Ka je da kanka, ka sake komawa da yamma lokacin da kowa ya dawo, ka ga yawan jama'ar da ke amfani da banɗaki da madafa. A irin gidajen nan da ɗakuna ke kallon juna, komai na tarayya ne, saboda haka mai iyali ya tafi da uwargida ta gani da idonta, domin ita ce za ta wuni a ciki. Ta duba inda za ta yi girki, inda za ta yi shanya, da ko akwai sutura tsakaninta da maza masu wucewa. A duba ko akwai kare a tsakar gida, a duba nisan masallaci da makarantar yara.

Ka kalli gindin bango. Idan ka ga layin datti ko sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa, ka san ruwa yana shiga. Unguwannin da ke bakin kogin Ogun, irin su Isheri da Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, sukan sha ambaliya idan aka saki ruwan madatsar Oyan a ƙarshen damina. Arahar ɗaki a can tana da dalili.

Ka duba ko hukuma ta yi wa ginin jan fenti, ko an gina shi a kan magudanar ruwa, ko a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ko dab da layin dogo. An rushe Maroko a 1990, an rushe wani ɓangare na Badiya a 2013, an tashi Otodo Gbame a 2016 da 2017. Ranar da katafila ta zo, ba ta tambayar wanda ya biya hayar shekara jiya.

Ka tambayi maganar wuta. Idan mita mai kati ce, da sauƙi, amma duk da haka a tabbatar babu tsohon bashi a kanta. Idan ta bil ce, a nuna maka takardar ƙarshe, a kuma rubuta cewa bashin da ka tarar ba naka ba ne. Haka kuɗin shara da na ruwa da na 'yan sintirin unguwa. Sannan ka ja wani tsohon ɗan haya gefe, ka tambaye shi halin mai gida. Matambayi ba ya ɓata.

Dillali da mai gida na gaskiya

A nan ne aka fi yi mana rauni. Wani ɗan'uwa ya tara kuɗi shekara guda, ya miƙa wa wani da ya ce shi ejan ne, a bakin titi, ba shaida. Ranar da ya zo da kayansa a mota, sai ya tarar da wasu mutum uku kowa da kayansa, duk ɗaki ɗaya suka biya. Wayar ejan a kashe, mai gida kuma ya ce bai taɓa ganinsa ba. Ba a cinikin biri a sama.

Ƙa'idarmu ita ce, sai ka ga mai gida ido da ido kafin kuɗi ya fita daga hannunka. Idan aka ce yana ƙasar waje, to a nuna maka lauyansa ko wanda ya wakilta da takarda, kuma tsofaffin 'yan haya su tabbatar cewa shi suke biya. Idan gidan gado ne, ka binciki wanda magada suka ɗora a kai, domin in ka biya ɗa ɗaya, gobe wansa zai zo ya ce bai san zancen ba. Idan gidan ana cikin gininsa ne aka ce ka biya a ƙarasa, ka yi hattara ƙwarai, da wannan aka cuci mutane da yawa a garin nan.

Jihar Legas tana da hukuma mai suna LASRERA da ke yi wa dillalan gidaje rajista, tana kuma karɓar ƙorafi a kansu. Ka tambayi dillali ko yana da rajista da ita, sannan ka san ofishinsa. Gwamnatin jihar ta sha nanata cewa la'adar dillali kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya. A misali, idan haya naira 500,000 ce a shekara, la'ada kada ta wuce naira 50,000. Ban da ita akwai kuɗin rubuta yarjejeniya da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Ka sa a lissafa maka kowanne daban, a jimlace, kafin ka ce ka yarda.

Biyan kuɗi da rasit

A watan Agusta na 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar haya ta Jihar Legas. Dokar ta ce laifi ne mai gida ya karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ga wanda yake ciki, mai biyan wata-wata kada a karɓi fiye da na wata shida, mai biyan shekara kada a karɓi fiye da na shekara ɗaya. Hukuncin da ta yanka shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Ku saurara da kyau: laifin ya hau kan mai bayarwa kamar yadda ya hau kan mai karɓa. Mun san wasunmu kan yi tayin shekara biyu don su shawo kan mai gida. Wannan ya saɓa wa dokar, kuma yana tsawwala wa talaka da ke zuwa a baya.

Dokar ta tilasta wa mai gida ya ba da rasit. Dole rasit ya ƙunshi ranar biya, sunan mai gida da na ɗan haya da adireshinsu, bayanin ɗakin da inda yake, yawan kuɗin, da tsawon lokacin da aka biya. Mai gidan da ya ƙi bayarwa, tararsa naira 100,000. Kuɗin ajiya na ɓarna kuma rasit ɗinsa daban.

Shawararmu, ka biya ta banki zuwa asusu mai sunan mai gida, ka adana shaidar, sannan ka karɓi rasit. In dole sai kuɗi hannu, a yi a gaban shaidu biyu. Kuma ka tabbata sunanka ne a jiki, yadda yake a katinka. Mun ga rasit da aka rubuta "Malam" kawai, mun ga wanda aka rubuta "Aboki". A gaban alƙali wannan sai ya zama abin jayayya.

Wasu kan ce neman takarda rashin yarda ne. Malamanmu suna nan zaune, su ne shaida cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Saboda haka babu abin kunya a ciki.

Yarjejeniya

Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka ce a ba ka kwana ɗaya, ka kawo ofis a fassara maka layi-layi. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. A duba ranar farawa da ranar ƙarewa, yawan mutanen da aka yarda, wa ke gyaran rufi da masai, yaushe ake iya ƙara kuɗi, da yadda za a maido kuɗin ajiya. A ɗauki hoton ɗakin ranar shiga, don kada a ɗora maka tsagewar bangon da ka tarar.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne layin notis. Dokar 2011 ta ce idan yarjejeniya ba ta ambaci komai ba, mai biyan wata-wata notis ɗinsa wata ɗaya, mai biyan wata uku ko wata shida nasa wata uku, mai biyan shekara nasa wata shida. Amma idan ka sa hannu a takardar da ta ce wata ɗaya, to wata ɗayan ne ya hau kanka. Haka kuma idan aka rubuta cewa hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, da wa'adin ya cika notis na kwana bakwai kawai ya rage. Layi ɗaya da ba ka karanta ba yana iya cinye maka wata biyar. Wannan ne ya sa muke matsa wa manya, maza da mata, su shiga ajin yaƙi da jahilci. Da yawa daga cikinmu da gemunmu muka koyi boko, kuma bai rage mu da komai ba.

Bayan ka shiga

Doka ta ɗora mana nauyi mu ma. Mu biya a kan lokaci. Kada mu sa wani a ɗakin, ko mu fasa bango, ko mu yi wani gini, sai da izinin mai gida a rubuce. In za ka tafi gida noma ko jinya, ka yi sallama, ka biya, ka bar lambar wanda za a nema. Ka shiga taron 'yan haya da na unguwa, ka biya kuɗin sintiri, ka fito ranar share gida. Wanda aka saba gani a taro, ranar da hankali ya tashi maƙwabta ne za su fara kare shi.

Idan kuma saɓani ya taso, ku sani mai gida ba shi da ikon ya kore ka da hannunsa. Bayan notis ya cika, sai ya ba da na kwana bakwai, sannan ya je kotu, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Wanda ya cire rufi, ko ya zo da 'yan daba, ko ya yi barazana don ya fitar da ɗan haya, dokar ta yanka masa tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida. Ta kuma ba wanda yake ciki damar ya kai ƙara idan an yi masa ƙarin kuɗi na rashin hankali. Kada ka ɗaga hannu, kada ka tara samari. Ka zo ofis. Akwai cibiyar sasanta 'yan ƙasa, wadda ake kira CMC, a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha tun 1999, tana sasanta mai gida da ɗan haya kyauta. Akwai kuma ofishin OPD da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta.

Abu biyu za mu ƙara. Dokar 2011 ta keɓe Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island, ba ta aiki a can. Haka 'yan'uwanmu na Kara da Ibafo da Mowe da Sango-Ota, a Jihar Ogun suke, dokar da ta shafe su daban ce, amma maganar shaida da rasit da yarjejeniya duk ɗaya ce. Sannan a 2025 Majalisar Dokokin Jihar Legas ta fara muhawara a kan ƙudirin sabuwar dokar haya. Saboda haka duk wanda zai sa hannu a takarda, ya biyo ta ofis a duba masa a kan dokar da ke aiki a ranar.

A ƙarshe, muna roƙon shugabannin kasuwanni da limamai su isar da wannan ga waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman samari sababbin zuwa. Wanda yake neman wasiƙar gabatarwa ya zo da katinsa da garantonsa. Wanda yake da tsofaffin rasit ya kawo a yi masa kwafi, a ajiye ɗaya a fayil ɗin ƙungiya saboda gobara ko ruwa. Masu gidaje daga cikinmu kuma, ku fara gyarawa daga kanku, ku ba 'yan hayarku rasit.

Allah ya ba mu maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama nagari a gare su. Allah ya zaunar da Jihar Legas da Najeriya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.